Wata shida ana shan Clomid babu ciki: me ya rage?

Wata baiwar Allah 'yar asalin Katsina da ke zaune a Garwa ta ƙasar Kamaru ta rubuto cewa shekararta 31, ta sha Clomid, ƙwayar da ke sa ƙwan mace ya fita, wata shida babu labari. Maigidanta direban tirela ne tsakanin Ngawundare da Njamena, bai fi kwana biyar a gida ba a wata, ga surukarta na matsa mata ta koma gida a nema mata magani.

'Yar'uwa, dakata da Clomid haka nan. Ba a so a wuce wata shida, kuma yakan sirantar da shimfiɗar mahaifa. Abin da za a fara ganowa: ƙwan ne bai fita ba, ko ya fita bai tarar da kowa ba? Ƙwai ba ya wuce awa 24 bayan ya fita, maniyyi kuma iyakarsa kwana biyar. In kwanakin maigida ba su dace da naki ba, babu laifin magani.

Hoton ciki daga wajen rana ta 10 da fara al'ada zai nuna girman jakar ƙwan. Milimita 18 zuwa 20 ta kusa fashewa. Da wannan sai maigida ya tsara lodinsa. Shi ma dole a gwada maniyyinsa, bayan ya ƙaurace miki kwana 2 zuwa 7. Nan maza ke noƙewa, alhali shi ne gwaji mafi sauƙi. Ke kuma a yi miki hoton hanyoyin ƙwai na ruwan rini bayan kin yi tsarki, da gwajin jinin maƙoƙo da na sinadarin nono. In hanyoyin biyu sun toshe, babu ƙwayar da za ta buɗe su.

In ƙwan ne ya ƙi fita, likita kan koma ƙwayar Femara, miligiram 2.5 zuwa 7.5 kullum na kwana biyar, wadda ta fi Clomid aiki ga masu ƙananan ƙullutai a ma'ajiyar ƙwai. Wani lokaci a haɗa da metfomin, maganin ciwon suga. Bayanta sai allurai irin Gonal-F ko Menopur. Kada ki kuskura a yi miki su a shagon magani: ba tare da bibiya da hoto ba, ma'ajiyar ƙwai kan kumbura, ciki ya tara ruwa, ko a samu 'yan uku.

Daga nan sai zuba tataccen maniyyi a mahaifa, sannan dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje a dasa a mahaifa, wanda ake yi a cibiyar CHRACERH ta Yawunde da wasu asibitocin Duwala.

Maganar komawa Katsina kuwa, ki lallaɓa Hajiya surukarki: jinyar ta mutum biyu ce. In kin tafi daga baya, riƙe karnen asibitinki, wato littafin da likita ke rubutu a ciki, da duk sakamakon. Ko da Faransanci suke, likitan can zai gane sunayen magunguna da alƙaluman.