Manɗiƙi da Mahallin Magana: Me Ya Sa Kwamfuta Ke Iya Lissafi Amma Nufinmu Ke Ba Ta Wahala?

Tambayoyin da na zaɓo a wannan karon duk sun taru a kan abu guda, wato yadda na'ura ke fitar da hukunci daga bayanan da aka ba ta, da kuma abin da ke faruwa idan ma'anar bayanan ta dogara da wurin da aka faɗe su.

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar kwamfuta ne. Malaminmu ya ce ilimin manɗiƙi ne tushen ƙirƙirarriyar basira, amma na ga ChatGPT yana faɗin magana sannan ya dawo ya faɗi kishiyarta. To, ina manɗiƙin yake?

Amsa: Malaminka ya faɗi gaskiya ta fuskar tarihi, kai ma abin da ka gani gaskiya ne. Manɗiƙi ilimi ne na tantance hujja, tun daga Aristotal, zuwa Al-Farabi da Ibn Sina, har zuwa George Boole wanda ya mai da shi lissafi a 1854, da Gottlob Frege na Jamus wanda ya shimfiɗa sigarsa ta zamani a 1879. Abin da ya sa ya dace da na'ura shi ne, ingancin hujja a cikinsa yana rataye ne ga sigarta. Idan kowane A ya kasance B, kowane B kuma ya kasance C, to kowane A lalle C ne, ko da mai lissafin bai san me waɗannan haruffa ke nufi ba. Saboda haka ne a 1956 Allen Newell da Herbert Simon da Cliff Shaw suka iya rubuta manhajar da ta tabbatar da 38 daga cikin ƙa'idojin lissafi 52 da aka gwada ta da su. John McCarthy, wanda shi ya raɗa wa fannin ƙirƙirarriyar basira suna, ya ba da shawara a 1959 cewa a rubuta abin da mutane suka sani game da duniya cikin jimlolin manɗiƙi, na'ura kuma ta riƙa fitar da abin da ya biyo baya. Prolog, harshen rubuta manhajar kwamfuta da aka ƙirƙiro a Faransa a 1972, ɗa ne ga wannan tunani.

ChatGPT da ire-irensa kuwa daga wani tsatso suka fito. An horar da su ne da rubutu mai tarin yawa domin su koyi hasashen guntun kalmar da ya fi dacewa ya biyo baya. Ba su da wani kundin jimlolin da suka ɗauka gaskiya wanda za su riƙa auna kowace sabuwar magana da shi, shi ya sa amsar safe ke iya cin karo da ta yamma ba tare da wani abu a cikinsu ya tsayar da su ba.

Tambaya: Idan manɗiƙi ba ya kuskure, me ya hana a zuba wa kwamfuta dukan ilimin duniya cikin jimloli, a huta?

Amsa: An gwada, kuma abin da aka tarar a hanya shi ne mafi muhimmancin darasi a wannan fanni a ganina. Matsalar ba ta tsaya ga yawan jimlolin ba. Kusan duk jimlar da mutum zai rubuta tana da sharuɗɗan da bai faɗa ba domin ya ɗauka an sani. Ɗauki jimlar da ke cewa ruwa yana tafasa a digiri 100 na ma'aunin Salsiyos. Gaskiya ce a daidai tsayin teku, amma a kan dutse mai tsawo ruwa yana tafasa kafin ya kai haka, saboda nauyin iska ya ragu. Idan ka gyara jimlar ka ƙara sharaɗin tsayi, wani zai tuna maka da ruwan da aka narka gishiri a ciki, wani kuma ya kawo tukunyar da ke riƙe tururi. Duk inda ka tsaya, akwai sharaɗin da ya rage. Wannan kewayen da ke riƙe da gaskiyar magana shi nake kira mahalli, kuma shi ne malaman harshe ke kira siyaƙi.

McCarthy ya daɗe yana fama da wannan. A wata maƙala da ya gabatar a 1993 ya kawo mafita mai sauƙin faɗi: tunda ba za a iya rubuta dukan sharuɗɗa ba, a mai da mahallin kansa wani abu mai suna a cikin manɗiƙin. Maimakon na'ura ta riƙe cewa magana kaza gaskiya ce kawai, sai ta riƙe cewa magana kaza gaskiya ce a cikin mahalli kaza. Da wannan, na'ura za ta iya shiga mahalli ta yi tunani da gajerun jimloli kamar yadda mutane ke yi, sannan ta fito da sakamakon ɗauke da alamar inda aka samo shi. Ya kuma nace cewa babu wani mahalli na ƙarshe da ya kewaye sauran duka, domin duk wanda ka tsaya a ciki ana iya samun wanda ya fi shi faɗi.

Ɗalibinsa R. V. Guha ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Stanford a 1991 kan wannan batu, kuma aka yi aiki da shi a cikin Cyc, gagarumin aikin da Douglas Lenat ya fara a 1984 a Amurka domin rubuta ilimin yau da kullum da hannu. Da jimlolin suka yi yawa sai suka fara karo da juna, aka rarraba su cikin ƙananan rukunai, kowane rukuni da zatonsa. Abin da ke gaskiya a cikin labarin ƙirƙira yana rukuninsa, dokar wata ƙasa a wata shekara tana nata, kuma ana buƙatar daidaito ne a cikin kowane rukuni, ba lalle tsakanin dukansu ba. A Italiya kuma Fausto Giunchiglia da abokan aikinsa a Trento sun bi wata hanya, inda kowane mahalli ke da harshensa da ƙa'idojinsa, sai a gina dokokin gada da ke faɗin abin da za a iya ɗauka daga wannan zuwa wancan.

Wurin ƙetarewar nan shi ne mafi haɗari. Rubutun 03/04 yana nufin 4 ga Maris a Amurka, yana nufin 3 ga Afrilu a Ingila, kuma kowanne daidai ne a gidansa. A watan Satumba na 1999 an yi asarar kumbon Mars Climate Orbiter saboda wata manhaja ta fitar da alƙaluman ƙarfin turi da ma'aunin fam, wata kuma ta karɓe su a matsayin ma'aunin nyuton. Kowane ɓangare ya yi lissafinsa bisa nasa zaton, amma lambar ta ƙetara ba tare da mahallinta ba.

Tambaya: Na karanta cewa akwai manɗiƙin da ke janye hukuncinsa. Wannan ba rauni ba ne?

Amsa: A manɗiƙin gargajiya, abin da ka tabbatar ya tabbata, ƙarin bayani ba ya rushe shi. Mutane kuwa ba haka suke tunani ba. Idan aka ce maka ga tsuntsu, za ka ɗauka yana tashi, idan aka ƙara cewa jimina ce sai ka janye, kuma babu wanda zai ce ka yi wauta da farko. A 1980 Raymond Reiter da McCarthy, kowanne ta hanyarsa, suka fitar da tsarin da ke ba na'ura damar yin hukunci bisa galibi muddin babu dalilin da ya hana. Wannan ya taimaka wa wata tsohuwar matsala da McCarthy da Patrick Hayes suka bayyana a 1969: idan mutum-mutumi ya ɗauke kofi daga tebur, ta yaya zai san launin bango bai canja ba, ba tare da an rubuta masa jerin duk abin da bai canja ba? Amsar ita ce a ɗauka kowane abu yana nan yadda yake har sai an sami dalilin sauyi, wanda masu karatun usulu za su ga ya yi kama da istis'habi. Ni ina ganin wannan ƙarfi ne, sai dai yana da tsada, domin idan ƙa'idojin galibi biyu suka yi karo, dole a sami hanyar fifita ɗaya, kuma mahalli ne yawanci ke yanke wannan.

Tambaya: Ina amfani da manhajar hira a wayata. Idan hirar ta yi tsawo sai ta manta umarnin da na ba ta tun farko. Wayar ce ta lalace?

Amsa: Wayarki lafiya take. Waɗannan manhajoji suna da iyakar adadin rubutun da suke iya dubawa a lokaci guda, kuma shi kamfanoni ke kira tagar mahalli. Abin da ya fita daga tagar ba ya cikin lissafi, abin da ke tsakiyar doguwar hira kuma yakan rasa nauyi ko da yana ciki. Ki lura cewa wannan ya bambanta da mahallin McCarthy. A can mahalli abu ne mai suna da iyaka, ana iya tambayar na'ura a wane mahalli ta yi hukunci. A nan kuwa komai a zube yake wuri guda, umarninki da misalin da kika kawo da maganar wani da kika liƙo, manhajar ce ke kintatar matsayin kowanne.

Dole in faɗi cewa kintacen nan nasu ya yi nisa ƙwarai. Dubi jimlar nan: littafin bai shiga akwatin ba saboda ya yi girma. Wane ne ya yi girma? Littafin. Idan aka ce saboda ya yi ƙanƙanta, sai maganar ta koma kan akwatin, alhali nahawu bai canja ba. Hector Levesque ya ba da shawarar a riƙa gwada na'urori da irin waɗannan jimloli a 2011, manyan manhajojin yanzu kuma suna cin yawancinsu. Abin da ba su da shi shi ne tabbacin cewa za su yi daidai kowane lokaci.

Saboda haka ki buɗe sabuwar hira ga kowane sabon aiki. Ki faɗi ƙasa da shekara da ma'aunin da kike nufi tun a saƙon farko, ki raba umarninki da rubutun da kika liƙo ta hanyar faɗin inda kowanne ya fara, kuma idan hira ta yi tsawo ki maimaita sharuɗɗanki a taƙaice kafin tambaya mai muhimmanci.

Tambaya: Ke nan zamanin manɗiƙi ya wuce a binciken ƙirƙirarriyar basira?

Amsa: Ban yarda ya wuce ba, kuma dalilina yana cikin abin da manyan ɗakunan bincike ke yi. A 2024 DeepMind, ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na kamfanin Google, ya sanar da cewa tsarinsa biyu, AlphaProof da AlphaGeometry 2, sun warware tambayoyi 4 daga cikin 6 na gasar lissafi ta duniya ta ɗaliban sakandare, suka sami maki 28 cikin 42, daidai da matakin lambar azurfa. AlphaProof yana kawo shawarar matakan hujja ta hanyar abin da ya koya, amma yana rubuta su ne cikin Lean, wani harshe na manɗiƙi da ke bin kowane mataki ya ƙi karɓar wanda bai inganta ba. AlphaProof yana nemo hanya, Lean yana tantancewa.

Sai dai a lura da inda wannan nasara ta faru. Lissafi fage ne da aka riga aka rubuta dukan zatonsa a fili, ma'anar kowace alama a kafe take. Ko a wancan gwajin ma, mutane ne suka fassara tambayoyin gasar zuwa harshen manɗiƙi kafin tsarin ya fara aiki. Matakin da ya rage wa masu bincike shi ne na ɗaukar maganar likita ko ta lauya ko ta injiniya, da duk abin da mai maganar ya bari bai faɗa ba, a mai da ita jimlar da na'ura za ta iya tantancewa tare da bayyana mahallin da take aiki a cikinsa. Idan kai ɗalibi ne mai sha'awar wannan, ka fara da manɗiƙin jimloli da na sifofi, ka rubuta ƙananan manhajoji da Prolog, sannan ka gwada tabbatar da ƙa'ida guda mai sauƙi a cikin Lean, wanda ake samu kyauta a intanet.