Amsa ga Yaya Malam a kan kiɗan Leningrad

Yaya Malam, bayan gaisuwa mai yawa gare ka da iyali, ka tambaye ni abin da ya sa mu Hausawan da muka zauna a birnin Fitasbag na Rasha muke kwasar 'ya'yanmu zuwa zauren kiɗa a ƙarshen watan Janairu, mu zauna fiye da sa'a guda muna sauraron kiɗan da babu waƙa a cikinsa. Ka kuma ce an gaya maka kiɗan farfagandar Stalin ne, shugaban Tarayyar Sobiyet na lokacin yaƙi. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, sai dai bai kai ƙarshen zancen ba.

Yawancinmu karatu ya kawo mu tun zamanin Tarayyar Sobiyet, lokacin da ake kiran garin Leningrad, muka yi aure a nan, don haka da wuya ka sami gidanmu da ba shi da suruka ko kaka wadda yaƙi ya ci mata dangi. Sojojin Hitila sun kewaye garin daga 8 ga Satumba 1941 zuwa 27 ga Janairu 1944, kwana 872, har rabon burodi ya sauko zuwa giram 125 a yini ga wanda ba ya aikin masana'anta, mutane dubu ɗaruruwa suka mutu, galibinsu saboda yunwa da sanyi. Duk ranar 27 ga Janairu, ranar tunawa da ɗage wannan ƙawanyar, maƙwabtanmu kan tafi maƙabartar Piskaryovskoye, su ajiye furanni da yankan burodi a kan manyan kaburburan da shekara kawai aka rubuta musu, babu sunan kowa. Mukan raka su, mu tsaya a gefe cikin natsuwa, kamar yadda za ka je ta'aziyyar maƙwabci a Fagge ko da ba ka san mamacin ba.

Kiɗan da muke sauraro shi ne simfoni na bakwai (wato dogon kiɗa mai sassa huɗu da taron makaɗa ke bugawa) na Dmitri Shostakovich, ɗan garin, wanda ya fara tsara shi a 1941 bama-bamai na sauka, ya kammala a garin Kuibyshev inda aka kai shi gudun hijira. Gwamnati ta ci moriyarsa ƙwarai. An ɗauki hoton takardun kiɗan aka bi da su ta Tehran da Alƙahira zuwa Landan da Amurka, mujallar Time ta buga hoton Shostakovich a bangonta sanye da hular 'yan kwana-kwana, aka kuma ba shi lambar yabo ta Stalin. Ranar 9 ga Agusta 1942, da Karl Eliasberg ya jagoranci kiɗan a cikin Leningrad, sai da Janar Govorov ya yi wa Jamusawa luguden wuta don su yi shiru, aka kuma juya lasifikoki wajensu domin su ji garin bai mutu ba. Wannan farfaganda ce, ba na musu.

Amma makaɗan da suka buga shi, mutum goma sha biyar ne kacal suka iya zuwa gwajin farko, masu busa kuma numfashinsu ba ya kaiwa saboda yunwa, har sai da aka ƙara musu abinci aka nemo wasu daga cikin sojoji. Shi kansa Shostakovich bai tsira daga gwamnatin ba. A Janairun 1936 jaridar Pravda ta kira aikinsa hargitsi a madadin kiɗa, a 1937 aka harbe Marshal Tukhachevsky wanda yake tsaya masa, a 1948 kuma aka sake tsine wa kiɗansa aka raba shi da aikin koyarwa. Shi ya sa har yau ake gardama a kan sashen farko, inda ƙaramar ganga take farawa can ƙasa-ƙasa, kari ɗaya yana maimaituwa yana kumbura har ya cika zauren da ƙara mai firgitarwa: wasu na cewa sojojin Hitila ne ke tahowa, wasu na cewa har da zaluncin cikin gida yake nufi. Ni a ganina mutumin da ya rayu tsakanin azzalumai biyu ba zai yi wa ɗaya kaɗai kuka ba.

Game da shirun da ya ba ka mamaki, haka ladabin wurin yake. Ana barin rigunan sanyi a wurin ajiya, ba a magana, ba a tafi sai an gama sassa huɗun duka, babu liƙi, sai dai a miƙa wa jagoran makaɗa fure. Akwai 'yan'uwanmu da ba sa shiga zauren saboda fahimtarsu game da hukuncin kiɗa, sukan tsaya a rakiyar maƙabarta, kuma ba mu taɓa saɓani da su a kan haka ba.

Su yaran, mukan gaya musu duka labarin, har da cewa a 1949 gwamnatin Stalin ta rufe gidan tarihin ƙawanyar, ta kama shugabannin garin, aka kashe wasunsu a shekarar da ta biyo baya. Ka gaishe da Hajiya da yara, Allah ya bar zumunci.