Kada ka ɗora wa keken nan kaya sai ka sauya sifok ɗin

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Da na karanta tambayarka cewa sifok ɗaya, wato siririn ƙarfen nan da ke haɗa cibiyar wili da bakinsa, ya tsinke a wilinka na baya, kuma kana son sanin ko za ka ci gaba da hawa har ka samu sarari, sai na ji kamar labarina kake bayarwa. Don Allah kada ka ɗora masa kaya, domin nauyin da wanda ya tsinke yake riƙewa kan maƙwabtansa yake komawa, su ma su bi shi ɗaya bayan ɗaya. Idan tafiya ta zama dole, ka nannaɗe guntun a jikin na kusa da shi don kada ya shiga sarƙa.

Nawa ya tsinke ne wata Alhamis, a gefen sarƙa, daidai lanƙwasar da ke shiga cibiyar wili, inda suka fi tsinkewa. Na kai wa wani mai gyara, na shaida masa cewa washegari Juma'a zan kai kwandunan tumatir kasuwar Wudil. Bai auna ba, bai cire taya ba. Ya ɗauko wanda ya fi nawa tsawo, ya tanƙwara shi ya cusa saboda ƙyuyar kwance firiwil, wato haƙoran da sarƙa ke hawa a wilin baya, sannan ya murɗe notin da ke ɗaure sifok a bakin wili da filaya har gefensa ya goge. Da asuba ban yi nisa ba tsinin ya fasa robar ciki, a wurin da babu mai faci ko ɗaya. Na tura keken nan a ƙafa har rana ta take, ina kallon ruwan tumatir yana ɗiga ta ƙasan kwando yana sauka a kan taya, alhali rabin kayan bashi na karɓo. Da na koma masa, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce nauyin kayana ne ya jawo. Wallahi wannan maganar ta fi asarar yi mini ciwo, kuma har yau ban sake tsayawa a rumfarsa ba.

Saboda haka ka kwance lafiyayyen sifok daga gefen da ya tsinke, ka tafi da shi shago a gwada, domin wili mai inci 28 da mai 26 ba tsawonsu ɗaya ba. Ka sayi biyu ko uku. Ka dubi yadda na kusa suka gitta juna ka bi sawunsu, kuma ka nemi ɗan makullin sifok, ka rabu da filaya. Wajen ɗauri, rubu'in juyi ya isa a kowane karo. Sai ka juya wilin, ka kara alli a jikin firam ka ga inda yake gogawa, ka ƙara ɗaure na ɗaya gefen a wurin, domin kowane sifok yana jan wilin ne zuwa gefen cibiyar da ya fito. Ni nakan ɗan taɓa su da farce, idan sautin sabon ya yi kusa da na 'yan'uwansa na san ya ɗauru.

Kafin ka mayar da taya, ka shafa yatsa a kan notin ta ciki. Idan ka ji tsini, ka goge shi da fayil, ka tabbata robar da ke rufe notocin ta zauna a kansu, sannan ka sa iska.