Neman auren kakanni a Thorney, ƙauyen da aka ƙwato daga hannun ruwa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a birnin Peterborough na ƙasar Ingila, matata Baturiya ce, asalin danginta kuma 'yan ƙauyen Thorney ne. Muna son haɗa wa 'ya'yanmu salsalarsu ta wajen uwa. Mun samu sunan wani kakanta a rajistar baftisma ta wajajen 1700, da Faransanci ma aka rubuta ta, amma auren iyayensa ko sama ko ƙasa. Me ya kawo Faransanci wannan ƙauye, kuma ina za mu nemi auren?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya zuri'a. Aikin da kuka ɗauko mai kyau ne, kuma ba a kan kuskure kuke ba. Littafin da kuka duba ne ba na aure ba. Sai dai kafin a zo kan takarda, dole a fara da ƙasar, domin ruwa ne ya tsara waɗanda suka zauna a Thorney da inda suka je neman aure.

Thorney tana gabas da Peterborough da kamar mil 7, cikin yankin da Turawa ke kira Fens, shimfiɗaɗɗiyar fadama mai faɗin kusan murabba'in mil 1,500. A da ƙauyen ɗan tudu ne a tsakiyar ruwa da ciyayi. A kansa aka kafa gidan 'yan zuhudu a 972, Sarki Henry na Takwas ya rushe shi a 1539, ƙasar ta koma hannun gidan Russell, masu sarautar Bedford. A 1630 mai riƙe da sarautar ya ɗauki alkawarin janye ruwan fadamar, a biya shi da eka 95,000. Injiniyan da sunansa ya fito a aikin ɗan Holan ne, Cornelius Vermuyden, kuma manyan magudanan nan biyu da ake kira kogunan Bedford, miƙaƙƙu sambal, tsawon kowanne kusan mil 21, suna nan suna aiki har yau.

Sabuwar ƙasa tana buƙatar manoman da suka san sha'anin ruwa. A farkon shekarun 1650 sai ga Kiristoci 'yan Furotesta masu jin Faransanci, asalinsu daga arewacin Faransa da yankin da yanzu yake cikin Beljiyam, da yawansu sun fara zama a Sandtoft, wani ƙauye a lardin Lincolnshire, kafin rigima da 'yan ƙasa ta taso su. Aka ba su hayar gonaki a Thorney, suka riƙa ibada da harshensu a ragowar tsohon cocin gidan 'yan zuhudun. Rajistarsu da ta tsira ta baftisma ce, daga 1654 zuwa 1727, an kuma buga ta a 1903. Ita kuka gani.

Kada ku yi saurin ajiye ta. A irin wannan rajista akan rubuta uwa da sunan gidan ubanta, a kuma ambaci shaidun baftisma, waɗanda galibi kawunnai ne da gwaggwanni. Sunan gidan uwar shi ne mabuɗinku. A ganina rabin aikin yana cikin wannan layi guda da mutane ke tsallakewa.

Auren kansa, ku fara da rajistar Turanci ta cocin Thorney, sannan ku faɗaɗa. A al'adarsu, kamar yadda yake a wurinmu, can wajen amarya ake ɗaura aure. Idan 'yar Whittlesey ce, rajistar tana ɓangaren Cambridgeshire, wadda ɗakin adana takardunta ke garin Ely. Idan 'yar Crowland ce, kun shiga Lincolnshire, sai Lincoln. Idan 'yar Eye ce, duk da kusancinta da Thorney, tsofaffin takardunta suna bin Northampton. Iyakokin larduna uku ne suka haɗu a wajen, kuma wannan ne ya fi ɓatar da masu bincike. Ku tuna da halin hanya a lokacin: da hunturu hanyoyin gona kan zama taɓo, mutum ya bi saman ganuwar magudana ko ya shiga kwale-kwale. Saboda haka ku bi magudanan a tsohuwar taswira, garin da ruwa ya haɗa da Thorney ya fi cancanta a fara dubawa.

Ku san kuma abin da za ku tarar, don kada ranku ya ɓaci. Tun 1538 aka umarci coci-coci su riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, amma kafin 1754 aure sau da yawa layi ɗaya ne tak: rana, sunan ango, sunan amarya. Ba shekaru, ba iyaye. Dokar Hardwicke da ta fara aiki ranar 25 ga Maris 1754 ce ta tilasta sanarwa a Lahadi uku ko takardar izini, da shaidu biyu, da sa hannun ma'aurata, wanda bai iya rubutu ba ya zana alamar X. Sunan uba da sana'arsa sai daga Yulin 1837 aka fara sa su. Sunan uwa kuwa, abin takaici, bai samu gurbi a takardar auren Ingila ba sai 2021. Idan kuma auren ya faɗo tsakanin 1653 da 1657, alƙalin sulhu ne ke ɗaurawa a lokacin, ba limamin coci ba, kuma rajistoci da yawa na da giɓi a wannan tsakani.

Abu biyu kan ɓoye aure alhali yana nan a rubuce. Na farko rubutun suna: magatakarda Bature yakan rubuta sunan Faransanci yadda kunnensa ya ji, don haka suna guda kan fito da siffa uku ko huɗu. Sunaye irin Fovargue da Tegerdine da ake ji a yankin har yanzu ta wannan hanya suka biyo. Ku furta sunan a baki, ku nemi duk abin da ya yi kama da shi. Na biyu kwanan wata: kafin 1752 shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris, don haka auren da aka rubuta Fabrairun 1698, a lissafinmu na yau 1699 ne.

Idan kun samu hali ku leƙa Holme, kudu da Peterborough. Akwai wani ginshiƙin ƙarfe da aka kafa a tsakiyar ƙarni na 19, kansa daidai da fuskar ƙasa, yanzu ya fito da kusan mita 4. Baƙar ƙasar yankin ruɓaɓɓen ciyayi ce, da zarar an janye mata ruwa sai ta bushe ta zauna, iska ta kwashi wata. Shi ya sa koguna suka koma sun fi gonaki tudu, aka shiga ɗaga ruwa da injin iska, daga baya na tururi. Gonakin da ambaliya ta ci sukan sa iyali su tashi, ga zazzaɓin cizon sauro da ya addabi yankin yana barin zawarawa. Don haka idan kun ga amarya da wani sunan gida daban da wanda kuke tsammani, ku duba rajistar jana'iza ta shekarun baya kaɗan, mai yiwuwa sunan mijinta na fari take ɗauke da shi.