Amsa: MacBook mai ƙwaƙwalwar Intel ko mai M1?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne Apple ya rabu da Intel, kamfanin da ke yi masa ƙwaƙwalwar kwamfuta (processor), kuma ko ka sayi tsohuwar MacBook mai Intel da aka yi maka tayi da araha. Maganar rabuwar ba jita-jita ba ce. A watan Yunin 2020 Apple ya sanar zai koma amfani da ƙwaƙwalwar da shi ya tsara, a Nuwamban shekarar aka fito da M1, wadda kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera masa. A 2023 ya daina sayar da Mac Pro mai Intel, babbar kwamfutarsa ta tebur, ita ce Mac ta ƙarshe mai Intel da yake sayarwa. A 2025 kuma ya ce macOS Tahoe ce sigar ƙarshe ta babbar manhajar Mac da za ta hau kan masu Intel.

Shi ya sa ka ga farashinsu ya faɗi a kasuwa. Ni dai ba zan ba ka shawarar saya ba. Ta Intel tana zafi, fankarta tana ihu, batirinta ba ya daɗewa, kuma ka san halin wutar lantarki a wajenmu. MacBook Air mai M1 ko fanka ba ta da ita, kuma tana kai ka yamma da caji ɗaya. Masu Intel da aka yi tsakanin 2016 da 2019 ma madannansu sun yi ƙaurin suna wajen maƙalewa.

Sai dai in aikinka dole sai da Windows kai tsaye, to nan mai Intel ce kaɗai ke da Boot Camp, wato manhajar Apple da ke ba ka damar ɗora Windows a kan Mac. In ba haka ba, ka ƙara haƙuri ka tara kuɗin M1, kuma ka duba lafiyar batirin kafin ka biya.