Amsa ga 'yar'uwar da ta tambayi yadda ake rayuwa da mama ɗaya

'Yar'uwa, sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce an cire miki na hagu, ba a yi miki dashe ba, kina tambayar yadda za ki riƙa fita cikin mutane. Ni ma haka aka yi min shekara 3 da suka wuce, ina nan Agege.

Kada ki yi gaggawar sa maman roba na silikon, wanda ake sakawa cikin rigar mama, sai ɗinkin ya warke, kamar mako 6 zuwa 8. Kafin nan, telata ta ɗinka min aljihu a cikin rigar mama, na cusa auduga mai laushi. Wallahi ranar da na fara zuwa biki da atamfa da mayafi, ba wadda ta gane. Na silikon kuwa yana da nauyi, yana daidaita kafaɗa, amma zafin Legas da gumin cikin motar haya ta danfo kan jawo ƙaiƙayi, sai ki riƙa shanya wurin da kin dawo gida.

Abin da ya fi damuna shi ne hannun ɓangaren da aka yi aikin. In an taɓa kaluluwar hammata, yana iya kumbura. Da kin ga zobe ya matse, ki koma wurin likitanki. Ki riƙa motsa hannun kullum, kina hawa bango da yatsu. Ɗayan maman kuma, kada ki bar hotonsa na shekara-shekara.