Hajiya, ki ƙarasa shi, amma ba a waya kina girki ba

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki: kin fara kallon Adolescence, shirin Birtaniya da ke Netflix, saboda yabon da ake ta yi masa, kashi na farko ya riƙe ki, a na biyu barci ya ɗauke ki, maigida kuma ya ce ɓarnar data ce tunda an riga an nuna wanda ya yi kisan. Kina so ki ji ko ki ƙarasa, da kuma ko ya dace ki kalla tare da ɗanki mai shekara 14. Amsoshin da aka ba ki sun rabu gida biyu, masu cewa babu abin da ke faruwa a ciki, da masu cewa sun yi kuka. Ni malamin sakandare ne, uba kuma, na kalla ni kaɗai, na sake kallo da iyali, mun kuma sha muhawara a kansa a ɗakin malamai. Zan taɓa abubuwan da suka faru a ciki, wanda ba ya so a ɓata masa labari sai ya tsallake.

Maigida bai yi ƙarya ba. Kafin kashi na farko ya ƙare, 'yan sanda sun buɗe kwamfuta sun nuna wa Jamie Miller, ɗan shekara 13, da mahaifinsa Eddie bidiyon kyamarar tsaro, inda ake ganin yaron yana caka wa 'yar makarantarsu Katie wuƙa a wurin ajiye motoci. Daga nan babu sauran ɓoye-ɓoye. Duk wanda ya zauna yana jiran a ce ashe sharri aka yi masa, ko a shiga kotu lauyoyi su yi ta kai ruwa rana, zai jira har ƙarshe bai samu ba. Ko kotun ba a nuna ba. Yawancin waɗanda na ji suna cewa shirin ya gundure su, wannan jiran ne ya gajiyar da su. Mun saba da shirye-shirye masu dogon zango, namu da na Indiya da na Turkiyya, inda kowane kashi sai an bar mutum da sabon ƙulli, ga kiɗa yana sanar da shi lokacin da zai tsorata. Stephen Graham, wanda ya fito a uban, shi da Jack Thorne suka rubuta labarin, kuma abin da suka sa a gaba shi ne: me ya kai yaro mai uwa da uba, gidansu ba shaye-shaye ba duka, ga wannan aika-aika? Irin wannan tambaya ba ta amsuwa a gurguje.

Sannan ga yadda aka ɗauke shi. Kashi huɗu ne, kowanne kusan awa guda, kuma darakta Philip Barantini ya ɗauki kowanne a tashi ɗaya, daga kunna kyamara har kashe ta babu yanka. Idan motar 'yan sanda ta taso daga gida zuwa caji ofis, kina ciki har a isa. Ana cike takarda, ana ɗaukar hoton yatsu, ana jiran lauya, duk da ke za a jira. Lokacin da aka tuɓe yaron za a caje shi, kyamara ba ta nuna yaron ba, a kan fuskar uban ta tsaya. Mutum ne mai aikin famfo, ƙaƙƙarfa, yana tsaye ana yi wa ɗansa abin da ba zai iya hanawa ba. Wanda ke kallo yana amsa saƙo a WhatsApp zai ɗaga kai ya ga wani mutum tsaye kawai, ya ce babu abin da ke faruwa. A fuskar nan kuwa komai yake faruwa.

Kashi na biyu, wanda ya sa ki barci, a ganina shi ne mafi rauni, ba zan ɓoye miki ba. An yi ta yawo a makaranta daga aji zuwa aji, hayaniyar ta yi yawa, wasu abokan aikina ma haushi suka ji, suka ce an nuna malamai kamar ba su san aikinsu ba. Amma akwai wuri ɗaya da nake so ki koma ki kalla ido biyu. Ɗan sandan da ke binciken, Bascombe, ya karanta abin da Katie ta rubuta a ƙarƙashin hotunan Jamie a Instagram ya ɗauka abota ce. Ɗansa Adam, ɗalibi a makarantar, shi ya ja shi gefe ya bayyana masa cewa 'yan alamomin emoji da Katie ta sa zagi ne, cewa ake yi Jamie na cikin samarin da babu macen da za ta taɓa kula su. Ya kuma gaya masa maganar da ke yawo tsakanin yara a intanet, wai kashi 80 cikin 100 na mata kashi 20 cikin 100 na maza kaɗai suke so. Gwanin bincike ke nan, ya karanta rubutun yara bai gane komai ba. Duk malamin da ya taɓa karɓe waya a hannun ɗalibi ya leƙa hirar da ke ciki ya san wannan. Hausa ce da Turanci, haruffan duk ka san su, amma sai wani yaron ya fassara maka kafin ka gane an yi mako guda ana cin mutuncin wani a gaban aji duka.

Kashi na uku shi ne dalilin da ya sa nake cewa ki ƙarasa. Wata bakwai bayan kisan, ɗaki ɗaya, tebur ɗaya, mutum biyu: Jamie da Briony, mai nazarin halayyar ɗan Adam da za ta rubuta rahoto a kansa. Ta kawo masa koko mai zafi da burodi. Suna hira yana tsokanarta, yana dariya, yaro sak, har ki ji kina son ki shafa kansa. Sai ta tambaye shi game da babansa, da abin da ya ɗauka shi ne zama namiji, da yadda yake kallon 'yan mata. A hankali fuskarsa ta sauya. Ya watsar da kofin, ya miƙe ya tsaya a kanta yana daka mata tsawa, yana lura ko ta tsorata. Can kuma ya koma ya zauna ya ba da haƙuri, ya ce shi mummuna ne, yana jiran ta ƙaryata shi. Ba ta ƙaryata ba, don ba aikinta ba ne, kuma shirun nan nata ya fi tsawar tasa wuyar kallo. Daga bakinsa muka ji cewa sai da hoton tsiraicin Katie ya bazu a makaranta sannan ya neme ta, yana ganin yanzu ta karye ba za ta ƙi shi ba. Ta ƙi shi. A ƙarshe, da ta ce wannan ne zamansu na ƙarshe, abin da yake ta ihu a kai ana fitar da shi shi ne ko tana son sa.

Da za a taƙaita wannan zama zuwa minti goma, da ko dodo za mu gani ko abin tausayi. Tsawon awar ne ya sa muka ga duka biyun a jiki ɗaya, muka rasa inda za mu ajiye shi. Owen Cooper, wanda ya fito a Jamie, bai taɓa fitowa a fim ba kafin wannan, kuma da wannan kashi aka fara ɗauka. A watan Satumba na 2025 ya karɓi kyautar Emmy, lambar yabo ta shirye-shiryen talabijin a Amurka, yana ɗan shekara 15, Erin Doherty da ta fito a Briony ita ma ta karɓa, haka Stephen Graham.

Abin da na lura a ɗakin malamai shi ne, matasan cikinmu kashi na uku suka fi yabo, na huɗu suka ce jan rai ne. Masu 'ya'ya kuwa na huɗun ne ya kashe musu jiki. Wata 13 bayan kisan, ranar da Eddie ya cika shekara 50, aka wayi gari an fesa zagi a jikin motar aikinsa. Shi da matarsa Manda da 'yarsu Lisa suka shiga motar zuwa shagon fenti, suna ta ba da labarin ƙuruciya suna dariya, kowa yana ƙoƙarin ranar ta yi daɗi. Wannan tafiyar ce mutane suka fi kuka da tsawonta. Ni kuwa gidan makoki ta tuna mini, bayan an yi sadakar bakwai baƙi sun watse, mutanen gida suna hirar banza don kada wani ya fara kuka. A hanyar dawowa Jamie ya kira ya ce zai amsa laifinsa. Da suka isa gida miji da mata suka zauna a bakin gado suna bin diddigin kansu. Eddie mahaifinsa ya dake shi da bel, ya yi alkawarin ba zai daki nasa ba, kuma ya cika. Amma ya kai yaron ƙwallo, da ya ga ana yi masa dariya sai ya kau da kai. Sun saya masa kwamfuta, yana ɗakinsa har tsakar dare, su a zatonsu tunda yana gida ai lafiya. Wani abokin aikina, dattijo mai 'ya'ya maza, ya ce daga nan bai iya cin abincin dare ba.

Akwai ƙorafi ɗaya da na yarda da shi. Ba a shiga gidan su Katie ba ko sau ɗaya, ba mu ga uwarta ba, ba mu ji ta bakin Katie ba. Abokiyar aikin Bascombe ma ta faɗi haka a cikin shirin, cewa sunan wanda ya yi kisa ake tunawa a manta da wadda aka kashe. Faɗin hakan bai cike giɓin ba, kuma matan da suka ce abin ya ɓata musu rai suna da gaskiya.

A can Birtaniya, bayan fitowarsa a Netflix ranar 13 ga Maris 2025, maganar ta kai har majalisa. Firaminista Keir Starmer ya ce ya kalla da 'ya'yansa, aka kuma ba makarantun sakandare damar nuna shi kyauta. Labarin Ingila ne, makarantunsu da dokokinsu ba irin namu ba ne, bai kamata mu ɗora komai a kanmu ba. Wayar da ke hannun Jamie dai irinta ce a hannun yaranmu, kuma masu koya wa samari raina mata a intanet ba su tambayar garin da yaro yake.

Game da ɗanki, kada ki kunna masa kafin ke ki gama. Akwai ashar sosai, akwai maganganun da kunya ba za ta bari uwa da ɗa su saurara tare ba, musamman a kashi na uku. Ki kalla da maigida da dare bayan yara sun kwanta, a talabijin in da hali, kashi ɗaya a zama ɗaya, da rubutun fassara a ƙasa domin Turancin arewacin Ingila yana da wuyar kamawa. Idan kun ga yaron zai iya ɗauka, babansa ya zauna da shi su kalli na biyu, a wurin da Adam ke yi wa mahaifinsa bayani ya tsayar ya tambaye shi ko a ajinsu ma akwai irin waɗannan alamomi, da wa ake yi wa. Kada a karɓe masa waya a ranar, in ba haka ba gobe ba zai sake faɗin komai ba.